Alhaji Abdurrahamane Jatau Ya Rasu da Saƙo a Bakinsa

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Mai bayarwa kuma Mai karɓa a lokacin da Ya so, Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Tasawa da Mayahi na Gida da Waje tana sanar da ɗaukacin 'ya'yanta, na nan gida da na rassanta da ke Yamai, Agadas, Kano, Abijan, Kumasi, Tamanrasset, Sabha da Jidda, cewa ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Mai Girma Alhaji Malam Abdurrahamane Jatau Kona, tsohon shugaban gidan waya na Tasawa, Uban Ƙungiya kuma Wakilin 'Yan Waje, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Laraba, 3 ga watan Satumba 2025, jim kaɗan bayan sallar Azahar, a asibitin Mayahi, yana da shekara sittin da shida a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An yi masa sutura a Tasawa a ranar, kafin faɗuwar rana, a gaban limamai, da masu garuruwa, da wakilan hukuma na gundumomin biyu, da tsofaffin abokan aikinsa, da talakawan da yawansu ya sa wasu suka yi salla a bakin titi. Ya bar matarsa, uwarmu Hajiya Biba, da 'ya'ya huɗu, babbansu Malam Muzammil, ma'aikacin lafiya a Maraɗi, da jikoki tara. A madadin Shugaban Ƙungiya, da Majalisar Dattawa, da shugabannin rassa takwas, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Biba da 'ya'yanta, da zuriyar Malam Jatau ta Kona baki ɗaya, da duk wani gida da marigayi ya taɓa yin sallama a ƙofarsa.

Muna neman gafarar iyalai da jama'a saboda wannan saƙo ya yi kwana tara bai fito ba. Sau uku ana rubuta shi ana yagewa, domin marigayi ya tafi ya bar mana wani nauyi da ba mu san ta inda za mu ɗaga shi ba, kuma sai da aka kai ruwa rana tsakanin dattawan gida da shugabannin waje kafin a yarda a faɗe shi a fili. Saboda haka muna roƙon gidajen rediyon karkara, da limaman Juma'a, da duk wanda aka miƙa wa takardar nan don ya karanta wa jama'a, kada su kai kan addu'ar farko su naɗe. A karanta ta har ƙarshe, a kuma karanta ta inda tsofaffin mata za su ji.

An haifi marigayi a Kona a shekarar 1959, ɗan manomi kuma jikan manomi. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa da Maraɗi, ya shiga aikin gidan waya yana saurayi, ya kuma zauna a cikinsa kusan shekara arba'in, daga mai buga hatimi har ya zama shugaba, ba tare da an taɓa jin wasiƙar wani ta yi ɓatan dabo a hannunsa ba. A shekarar 1982 aka tura shi ƙarin horo na shekara biyu a ƙasar Maroko, inda ya kama hayar ɗaki a gidan wani tsohon tela Bayahude mai suna Ilyahu Dahan. Duk wanda ya zauna da marigayi ko na yini ɗaya ya ji labarin Ilyahu. Wasunmu mun ji shi har mun haddace, mukan riga shi ƙarasawa don tsokana, shi kuma ya harare mu ta saman tabarau ya faro daga farko.

Kamar yadda yake ba mu labari, a lokacin nan yawancin Yahudawan unguwar sun riga sun watse. Ƙannen Ilyahu biyu suna Isra'ila, 'yarsa tana Kanada, ɗansa yana Faransa, shi kuwa ya ƙi motsawa, yana cikin 'yan dattawan da suka rage suna wanke mamatansu suna kula da makabartarsu. Da yake idon tsohon ya fara rauni, ga kuma ɗan haya ma'aikacin gidan waya, sai rubuta adireshi da kai wasiƙu suka dawo hannun marigayi, har ta kai shi ke karanta masa waɗanda aka rubuto da Faransanci. Marigayi yakan ce bai taɓa ganin dangi masu faɗa a takarda kamarsu ba. Na Isra'ila su rubuto cewa tsoho ya tattara ya dawo gida, shi kuma ya amsa musu da cewa inda aka binne ubansa da kakansa nan ne gida. Na cikin Isra'ila su ce na waje sun iya ba da shawara daga nesa alhali ba 'ya'yansu ake kira soja ba, na waje su ce na ciki sun ɗauka su kaɗai ne Yahudawa. 'Yar da ke Kanada ta rubuto ta ce dukkansu taurin kai ke damunsu. Amma ko wace wasiƙa, komai zafinta, a ƙarshenta akwai jerin sunaye: wance ta haihu, wane ya yi aure, wane ba shi da lafiya.

Ran da wasiƙa ta zo da mutuwa kuwa, Ilyahu yakan rufe shago ko da mai ɗinki na tsaye a ƙofa, ya sa rigarsa ta fita, ya taka da ƙafa har gidan dangin mamacin ya faɗa musu ido da ido, ya zauna da su a ƙasa. Idan ya dawo sai ya buɗe wani ƙaton littafi ya rubuta sunan mamacin, da na ubansa, da garin da aka binne shi, sannan ya sa a aika wa sauran ƙasashen. Marigayi yakan ce a wannan shago ya gane cewa jama'ar da ta watse a duniya ba sai ta daina faɗa take zama ɗaya ba, abin da ke riƙe ta shi ne kada ɗayansu ya mutu a ɓoye. Ba mu manta ba cewa wasu daga cikinmu sun sha yi masa gori a kan yawan ambaton Bayahude a taron Musulmi, musamman a 'yan shekarun nan na yaƙi. Bai taɓa ɓoye zafin da yake ji game da Falasɗinawa ba, ya kuma sha faɗarsa a masallaci, amma yakan ce wannan ba zai sa ya ci amanar tsohon da ke ajiye masa miya da zafinta har ya sha ruwa a watan azumi ba.

Bai aiwatar da abin da ya gani ba sai da ya yi nasa kuskuren, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin. A shekarar 1991 wata wayar tangaraho ta iso daga Abijan zuwa wani gida a yankin garin Sarkin Hausa. Aiki ya yi masa yawa ranar, sai ya miƙa wa wani direba ya ce ya sauke ta a hanya. Direban ya ba wani ya karanta a tasha, magana ta riga takarda isa gari, uwar mamacin ta ji mutuwar ɗanta a bakin rijiya daga bakin mai wucewa, ta faɗi da guga a hannu, ba ta ƙara magana ba har ta bi shi bayan mako biyu. Daga nan marigayi ya yi wa Allah alkawari cewa muddin yana numfashi, babu uwar da za ta sake jin mutuwar ɗanta na waje ta hanyar takarda ko waya ko bakin tasha. A kan wannan alkawari aka gina ƙungiyarmu a shekarar 1994, kuma duk sauran ayyukan da aka san mu da su, rijiyoyi da azuzuwan lakwal da ɗaukar marasa lafiya, daga baya suka biyo.

Yadda yake aikin nan sai wanda ya gani. Yakan hau tsohon motonsa, wato babur, wanda muka yi ta roƙonsa ya canja ya ƙi, ya je har ƙauyen da kansa. Ba ya tsayawa a ƙofar gidan da ya zo dominsa. Yakan sauka wurin mai gari, ya sha ruwa, ya nemi liman da wata dattijuwa mai nutsuwa, ya tambaya ko uwar ta ci abinci, ko tana da hawan jini, ko tana gona, ya jira ta dawo ta huta, sannan su shiga. Kuma da saƙon mutuwa da saƙon alheri duk tafiya ɗaya yake yi musu, da goronsa da sukarinsa, don kada ƙarar motonsa ta zama abin da ke tsinka zukata. Idan mutuwar a gida aka yi, bai yarda a buga wa ɗan waje waya ba, sai ya sa shugaban reshe ya tashi ya je har ɗakinsa. Ni mai sa hannu a wannan takarda haka na ji rasuwar mahaifiyata a Abijan, dattawa uku suka same ni a shago suka ce in rufe mu je gida, kuma har gobe ina gode wa Allah da ban ji ta a tsaye cikin kasuwa ba.

Akwai kuma wani ɓangare na aikinsa da kowa ya san da shi amma ba a magana a kai, su ne waɗanda yake kira masu amana. Mu duka mun san cewa ba kowa ke barin gida da sallama ba. Wani ya fita ne bayan rigimar gona da 'yan'uwan ubansa, wani an taɓa koro shi daga waje ya dawo hannu wofi ya kasa jure kallon gari ya sake sulalewa, wani ya yi abin kunya, wani kuwa shekaru ne suka taru masa har ya rasa bakin da zai ce ga shi. Irin waɗannan ko a can waje ba su faɗin sunansu na yanka ko garinsu, sai sunan da mai gidan aiki ya laƙaba musu. Marigayi kaɗai suke kira. Shi ke ɗaukar muryarsu a wayarsa ya kai wa uwa a ƙauyen da babu layi, ya kunna mata a ƙuryar ɗaki, ya ɗauki tata amsar, sannan ya goge. Ba ya gaya mata inda ɗan yake, iyaka ya ce yana raye yana gaishe ta. Kuma duk garin da ya shiga sai ya leƙa gida huɗu ko biyar, har waɗanda ba su da kowa a waje, don kada maƙwabta su gane wanda ya zo dominsa.

A nan ne muka yi ta samun saɓani da shi, kuma ta'aziyya ba za ta hana mu faɗin gaskiya ba, Allah Ya gafarta masa: marigayi yana da taurin kai. Shekara da shekaru Majalisar Dattawa na roƙonsa ya rubuta sunayen nan ya ajiye a wuri mai makulli. Ni da kaina na sayo masa littafi mai kaurin bango, ya karɓa da hannu biyu ya sa mini albarka, bayan wata ɗaya na tarar da jikokinsa suna zanen raƙuma a ciki. Da muka tuna masa cewa ai Ilyahun nasa ma littafi gare shi, sai ya ce mutanen Ilyahu ba danginsu suke ɓuya wa ba, kuma duk abin da aka rubuta wata rana wani zai karanta, ran da kawun wani ya ga sunan ɗan'uwansa a takarda kuwa babu wani mai amana da zai ƙara kiransa. Ya yi mana alkawarin cewa da zarar ya ji jiki ya fara gazawa zai zaɓi mutum ɗaya ya zaunar da shi ya juye masa komai. Har safiyar da ya rasu bai taɓa cewa ko kansa na ciwo ba.

Ga nauyin da muka ambata. Ranar Lahadi, 31 ga Agusta, wani ɗan'uwanmu ya rasu a wata gona da ke wajen Sabha ta ƙasar Libiya, bango ya faɗo masa a wurin aiki. Shugaban reshenmu na can, Alhaji Abdulwahab Mutari, tare da 'yan'uwa, suka karɓo shi suka yi masa wanka da salla suka binne shi, Allah Ya saka musu da alheri. Mamacin yana cikin masu amana. Ba shi da takarda ko ɗaya, ba wanda ya san shi sai da sunan da aka sa masa a can, kuma lambar gida ɗaya tak aka samu a wayarsa, ta marigayi. Ranar Litinin Alhaji Abdulwahab ya kira marigayi ya sanar da shi. Marigayi ya yi salati, ya ce ya san gidan, ya san uwar, ya san iyalin, kada kowa ya sa a waya, shi zai je. Alhaji Abdulwahab bai tambayi sunan garin ba, kuma babu mai ganin laifinsa, domin shekara talatin ke nan ba wanda ke tambaya.

Talata aka wuni ana ruwa, hanya ba ta biyuwa. Laraba da sassafe marigayi ya tashi daga Tasawa, ya iso Mayahi da hantsi, ya sayi goro da sukari, ya tsaya wurin mai esansi ya ce a cika masa tanki har baki. Yana cikin ɗaure ƙunshin a bayan moto ya ce jiri na ɗibarsa, ya zauna a kan benci, daga nan bai sake magana ba. Da haka Allah Ya karɓi bawansa, a kan hanyar aikin da ya yi wa rayuwarsa alkawari, kuma muna kyautata zaton wannan tafiya za ta yi masa shaida. Amma ya tafi da sunan, da garin, da ƙofar gidan.

Ba mu zauna ba. Malam Muzammil ya buɗe wayar mahaifinsa, ya tarar da lambar mamacin an ajiye ta da sunan can waje, babu ko murya ɗaya da ba a goge ba. An duba aljihu, an duba akwati, an zazzage tsofaffin takardun gidan waya har na shekarun tangaraho. Mai esansi ya rantse bai ce masa ga inda za shi ba. Daga Mayahi kuwa hanya ta kasu, ta Sarkin Hausa, ta El Allassane Maireyrey, da ƙananan turbobi da ba su ƙirguwa, kuma tanki cike zai kai mutum ƙauyuka fiye da ɗari ya dawo da shi. Mun bi masu garuruwa goma sha bakwai cikin laka, ko wanne ya ce tabbas Alhaji na zuwa, ya nuna mana gida biyar. Dabarar da ya rufa wa mutane asiri da ita, ita ce yau ta rufe mana hanya. Daga cikin masu amana, goma sha huɗu sun kira mu da kansu bayan sun ji rasuwarsa, mun kuma kai wa iyayensu gaisuwa a asirce. Hajiya Biba tana ƙiyasin gidajen sun haura talatin, kuma yawancin 'ya'yansu a Libiya suke, don haka ambaton Sabha bai nuna kowa ba. Da gangan muka ƙi faɗin shekarun mamacin, da kamanninsa, da tsawon zamansa a waje.

Ba za mu ɓoye wa jama'a cewa ƙungiya tana gab da tsagewa a kan wannan magana ba. 'Yan'uwanmu na Sabha sun ɗauki hoton fuskarsa kafin a rufe likkafani. Su da rassan Tamanrasset da Abijan suna cewa a saka hoton a wayoyi, cikin awa guda za a san ko ɗan wane ne, kuma zalunci ne a bar uwa tana yi wa gawa addu'ar dawowa lafiya, a bar mace ba ta san ta zama mai takaba ba, a bar marayu ba su san sun zama marayu ba. Dattawan gida suna cewa hoton gawa ba ya sallama, zai faɗo hannun wani ɗan kasuwa ya kai wa tsohuwa a gona ya ce Inna duba ko kin san wannan, a sake abin da ya faru a bakin rijiya. An faɗi maganganu masu ɗaci. Na waje sun ce gida ba ya tunawa da su sai rufin ɗaki ya yi yoyo, kuma wanda bai taɓa wanke gawar da ba ta da suna ba bai isa ya koya musu ladabi ba. Na gida sun ce na waje sun daɗe a garin mutane har sun manta yadda ake shiga gida. Rassa biyu sun ce za su fice. Ni na yi shekara goma sha ɗaya a waje, na yi ashirin a gida, na saurari ko wane ɓangare na kasa samun wanda ya yi ƙarya, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Da marigayi na nan da ya bar mu mun gaji da hayaniya ya hau motonsa. Yau babu shi.

Matsayar da aka cim ma da ƙyar ita ce, reshen Sabha zai riƙe hoton har ranar sadakar arba'in ta marigayi, wato Litinin, 13 ga Oktoba. Idan ranar ta wuce ba a samu gidan ba, za a sake shi, kuma dattawan gida ba za su ƙara cewa komai ba. Daga yau saura kwana talatin da ɗaya.

Hanya ɗaya ce ta rage mana, kuma muna jin nauyin faɗarta, domin ta bi ta kan wadda ya kamata a bari ta yi kukanta. A yammacin Litinin ɗin da Alhaji Abdulwahab ya kira shi, bayan ya ajiye waya, marigayi ya gaya wa Hajiya Biba cewa wanda ya rasu ɗan wata tsohuwa ne da ta taɓa zuwa gidansu a Tasawa sau ɗaya, ya kuma tuna mata da ranar har ta gane ko wace ce. Da yawa daga cikin iyayen nan sun taɓa zuwa irin wannan gaisuwa. Ita da tsohuwar sun wuni tare a ɗaki, sun ci abinci a kwano ɗaya, wannan na cewa Hajiya waccan na cewa Inna, kuma kamar yadda matan gidan suka saba da baƙin Alhaji, ba ta tambaye ta sunanta ko garinta ba. Hajiya Biba ta ce ba ta san suna ba, amma idan ta ga fuskar ba za ta ɓace mata ba. Da ba don takaba ba, ta ce, da yanzu tana bayan moto ana bin ƙauyuka da ita, sai ga shi wata huɗu da kwana goma za ta yi a ɗaki, kwanakin da aka ba mu kuwa ba su kai rabin haka ba. Kwana bakwai ta yi tana ɗaga kai tana duban duk macen da ta shigo gaisuwa, mutane na zaton ruɗewar rashi ce. Tsohuwar ba ta zo ba. Mai yiwuwa damina ce ta tsare ta, mai yiwuwa har yanzu ba ta ji Alhaji ya rasu ba tana lissafin kwanan zuwansa.

Saboda haka, da sunan Allah da darajar zumunci, muna roƙo kamar haka. Ga 'yan'uwanmu masu amana da ba su kira ba tukuna: mun san abin da ya fitar da ku ba ƙarami ba ne, ba kuma muna cewa ku dawo ba, amma ku kira Shugaban Ƙungiya ko ni, ku faɗi sunan gari da na uwa kawai, domin duk wanda ya yi shiru a cikin kwanakin nan ya bar uwarsa cikin waɗanda ake zato. Ga Alhaji Abdulwahab da 'yan'uwa na Sabha, waɗanda suka yi wa mamacin abin da mu na gida ba mu yi ba: mun san hoton nan yana muku nauyi a aljihu, ku daure ku cika alkawari, kada wani ya tura wa wani ko da da sunan a taya addu'a. Ga masu girma masu garuruwa da limamai: duk wata dattijuwa da ta ce tana son zuwa Tasawa gaisuwar Alhaji, a taimaka mata da amalanke ko moto, kada a tambaye ta dalili, idan babu abin hawa a aiko mana mu turo. Ga sauran mata kuma, waɗanda ba su da kowa a waje: ku ma ku zo, ku zo da yawa, don masu amana su shige cikinku ba a gane su ba.

Ga iyayenmu mata da marigayi ke shiga ɗakinsu ya kunna musu murya: mun san abin da muke nema a wurinku. Mun san tun da kuka fara jin wannan takarda babu wadda zuciyarta ke wurinta, kuma mun aikata rabin abin da marigayi ya hana, mun saki maganar mutuwa a iska. Ku yafe mana, mun rasa yadda za mu yi ne. Muna kiranku gaisuwar mutuwa alhali mun san ɗayarku za ta shigo yin ta'aziyya ta tarar ita za a yi wa. Duk da haka ku zo, domin a ɗakin nan akwai mace da ta san zafin, akwai ruwa, akwai liman a zaure, akwai mai riƙe ku.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Alhaji Malam Abdurrahamane Jatau Kona, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sanya duk taku da ya yi zuwa ƙofar wata uwa a mizaninsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya jiƙan ɗan'uwanmu da ke kwance a Sabha, wanda Shi Ya san sunansa. Allah Ya ba Malam Muzammil da ƙannensa da zuriyar Malam Jatau haƙurin jure wannan babban rashi, Ya hana ƙungiyarmu watsewa a kan kabarin wanda ya haɗa ta. Allah Ya ƙarfafa zuciyar uwarmu Hajiya Biba, wadda ta karɓi ragowar aikin mijinta tana cikin kwanakin kukansa, ba tare da ɗayanmu ya iya buɗe baki ya roƙe ta ba.

Ta ce a gaya muku ƙofar ɗakinta a buɗe take kullum, daga hantsi har La'asar. Wadda ta shigo ta gaishe ta, ta ga Hajiya ta amsa ta sa mata albarka ta sunkuyar da kai, ta tashi ta koma gida da kwanciyar hankali, ɗanta na nan. Wadda kuwa ta ga Hajiya ta matsa ta gyara mata wuri a kan tabarma, ta zauna.

Rayyanu Sharifu Mayahi
Kakakin Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Tasawa da Mayahi na Gida da Waje
A madadin Shugaban Ƙungiya da Majalisar Dattawa
Tasawa, Juma'a, 12 ga Satumba 2025